Gaisuwa Goma Sha Ɗaya a Ƙofar Farfesa

A tashar jirgin ƙasa da ke ƙarƙashin filin jirgin sama na fara jin haushin Sagiru, ko awa ɗaya ba mu cika a ƙasar Holan ba. Ina tsaye gaban injin sayar da tikiti, riƙe da takardar da na rubuto tun daga gida mai ɗauke da sunan kowace tasha da lokacin kowane jirgi, ina karantawa ina maimaitawa don kada in latsa abin da ba shi ba. Shi kuwa ya jingine jakarsa a ƙafata, ya tari wata mata mai tura keken jariri, ya ce mata wani abu, ta yi dariya, ta zo ta latsa mana komai da hannunta. Har bakin jirgin ta raka mu.

"Shehi, ninke takardar nan haka," ya ce da ni. "Ga mutane ko'ina kana ta fama da rubutu."

Mu biyu jami'armu ta turo daga sashen nazarin ƙasa da ban ruwa, mu yi zango ɗaya na wata huɗu a wata jami'ar aikin gona. Ni ɗan Burumburum ne, mahaifina manomi, kuma shekara uku a jere ni ke zuwa na ɗaya a ajinmu. Sagiru ɗan Tiga ne, ya tashi a gidajen ma'aikatan dam, makinsa na tsaka-tsaki, amma ranar ganawa da masu zaɓen waɗanda za a turo sai da ya sa su dariya har aka jiyo daga waje. Shi ya raɗa mini Shehi, saboda ba ya ganina ba littafi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani layi a ƙasan takardar gayyatarmu. An ce a ƙarshen zangon shugaban sashen, Farfesa Henk, zai zaɓi ɗaya daga cikinmu ya ƙara wata shida a gonar bincikensa, wanda ya samu kuma hanyar digiri na biyu ta buɗe masa. Tun a Kano na ja wa wurin layi da jan biro. Ban faɗa wa kowa ba, amma a zuciyata na riga na gama rubuta sunana.

Masaukinmu daban-daban ne. An ba Sagiru ɗaki a ginin ɗalibai, inda ake girki tare ana hayaniya. Ni aka kai ni gidan wata tsohuwa mai suna Anika, a bayan gari, kusa da wata magudanar ruwa da agwagi ke yawo a ciki. Na kasa kiran sunanta gatsal, sai na riƙa ce mata Iya. Ranar da na isa, ban ci komai ba tun a jirgi, ga sanyi ya shiga ƙashina. Ta buɗe tukunya, ƙamshin miyar wake da albasa ya cika kicin ɗin, ta ce ko zan sha.

Na ce, "Na gode, Iya, na ƙoshi."

A gidanmu haka ake yi. Baƙo ya ce ya ƙoshi, mai gida ya ce haba, baƙo ya ƙara noƙewa, sai a ajiye masa kwano a gabansa a ba shi wuri. Iya Anika ta ce to, ta rufe tukunyarta, ta sa a firiji. Na hau sama na ci ragowar ƙuli-ƙulin da innata ta ƙulle mini, na kora da ruwan famfo.

Bayan kwana uku Sagiru ya zo ganin ɗakina. Ta yi masa tayi, ya ce ai dama yunwa yake ji. Ya sha kwano ɗaya, ya miƙa mata ya ce a ƙara. Ina zaune gefe ina kallon tsohuwar nan tana murmushi kamar jikanta ne ya dawo daga tafiya. Da ya tafi ta ce mini, "Abokin nan naka yana da daɗin zama." Kwana uku ina share mata matakala ina fitar mata da shara, ba ta taɓa faɗin haka a kaina ba.

A garin nan kowa da kekensa, har malamai. Wani saurayi ya tare ni a bakin tasha da sallama cikakkiya, ya kira ni ɗan'uwa, ya ce yana da keke mai kyau zai sayar mini da rangwame saboda musulunci. Sallamar ce ta saye ni. Sati bai cika ba, ina kwance shi a wurin ajiye kekuna na makaranta, wata ɗaliba ta dafa sirdin ta ce nata ne, an sace shi a ƙofar gidansu. Ta kifa shi ta nuna mini sunanta a ƙarƙashi. Mutane suka fara tsayawa. Na sakar mata, na ba ta haƙuri, na taka da ƙafa har gida cikin yayyafi. Sagiru kuwa ya ji wani ɗalibi zai koma ƙasarsu, ya ce masa kai tsaye, "Me za ka yi da kekenka?" Aka ba shi kyauta, har da fitila da kwaɗon kullewa.

Ranar farko a aji, Farfesa Henk ya shigo, dogo mai furfura, ya girmi mahaifina, ƙafar wandonsa ɗaya a cuse cikin safa saboda sarƙar keke. Na miƙe tsaye. Ni kaɗai na miƙe a cikin mutum talatin. Ya dube ni ya ce ko ina neman wani abu ne, na ce a'a, na zauna kunnuwana suna zafi. Ya ce kowa ya kira shi Henk kawai. Wata yarinya tana cin tuffa a gabansa. Wani ya katse shi yana tsakiyar magana ya ce bai yarda ba, Farfesa ya ji daɗi, ya juyo suka yi ta musu. Ni na buɗe littafina na rubuta kwanan wata, na ja layi da rula, na rubuta duk abin da aka faɗa, har musun.

Kafin a tashi Sagiru ya ɗaga hannu ya ce, "Henk," kamar sunan abokin wasansa. Na ji abin har cikin haƙorina.

A sati na uku ne abin da ya fi ci mini rai ya faru. Farfesa ya haska hoton wata gonar rani daga yankinmu, an yanka ta fangali-fangali, wato ƙananan ramukan da ake tare ruwa a ciki a shuka albasa ko tumatir. A gefe ɗaya fangalin manya ne, a ɗaya gefen ƙanana ƙwarai. Ya ce, "Manomin nan ba shi da ma'auni, bai je makaranta ba. Me ya sa ya yi haka, kuma ta yaya ya san girman da zai yi?"

Na san amsar kamar yadda na san sunana. Tun ina ƙarami nake bin kawuna Ilu fadama. Inda ƙasa ke da rairayi ruwa yana nutsewa da sauri, sai a yi fangali ƙarami ya cika kafin ya tsere. Inda take da laka sai a faɗaɗa. Kawu yana ganewa ne da dunduniya: ya jiƙa wuri, ya taka, ya tsaya ya ga yadda ruwa ke taruwa a sawun. In ruwan ya ɓace kafin ya gama ɓare goro, ya san wurin ƙaramin fangali ne. Na rubuta duk wannan a gefen shafi, da sauri, na zauna ina jiran Farfesa ya dube ni ya ce, kai ɗan can, me ka gani? A wurinmu malami shi ke nuna wanda zai yi magana.

Sagiru na kusa da ni. Ya leƙa littafina, ya ɗaga hannu.

Ya faɗe shi duka, har da dunduniyar, har da goron. Ya tashi ya kwatanta takun a gaban aji, aka yi dariya, aka tafa. Farfesa ya ce shekara da shekaru yana nuna hoton nan, bai taɓa samun amsa mai daɗin wannan ba. Ya tambaye shi wa ya koya masa.

"A wurinmu kowa ya sani," in ji Sagiru. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ta yi masa kanta ba.

A hanyar fita ya dafa kafaɗata. "Shehi, ka ga yadda muka fitar da Kano kunya?"

"Mu?"

"To ai ka rubuta ka zauna a kai kamar kaza. In ban faɗa ba, da har yanzu ana can ana kallon hoto."

"Da ka ce daga littafina ka gani."

"Haba, wannan ma abin magana ne? Gobe ka faɗi naka, ni in rubuta maka."

Daga ranar na koma rubuta ra'ayoyina da ajami, don kada ya karanta. Kwana biyu ina jin daɗin wayona. A na uku ya leƙo ya ce, "Shehi, wannan wasalin a ƙasa ya kamata ya zauna. Kakana ne limamin unguwarmu, ka manta?" Na rufe littafin. A shafin ƙarshe kuma na buɗe wani lissafi da ban taɓa nuna wa kowa ba: duk lokacin da Farfesa ya ambaci sunan Sagiru a aji sai in ja ɗan layi. Nawa sunan ma na ware masa wuri. Wata guda ya wuce wurin yana nan fari.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wanda wani tsohon shago ne Turkawa suka gyara, na kira gida. Baba yana gona, ina jin ƙarar injin casar masara a bayansa. Kewar gida ta taso mini. Bayan mun gaisa, ya tambayi sanyi, na tambayi kaka, sai na gaya masa zancen gurbin ƙarin wata shidan nan, na ce ina ganin malamin bai ma san da ni ba.

"Kana zuwa gaishe shi kuwa?" ya ce.

"Muna haɗuwa a aji, Baba."

"Aji daban, gaisuwa daban. Kai Habibu, kamar ba a gabanka aka yi ba? Lokacin da nake neman fadamar bakin rafi a wurin Dagaci, na taɓa buɗe baki na ce a ba ni? Kullum da safe ina ƙofar gidansa, in gaishe shi in tashi. Ranar da ya ga dama shi da kansa ya ce, Malam Sani, wai ba ka da wurin rani ne? Babban mutum ba a tsaye masa a ka da roƙo. Ka riƙa nuna fuskarka. Yana gani, ya san abin da ke kawo ka."

Maganar ta zauna mini daram, domin ita ce abin da na iya. Na dubi jadawali na ga Farfesa yana ofis Talata da Alhamis da safe. Talata ta farko na goge takalmina, na sa rigata mai kyau, na ƙwanƙwasa ƙofarsa ƙarfe tara saura kwata. Ya ce in shigo. Na ɗan rusuna daga bakin ƙofa, na ce ina kwana, ya aiki, ya iyali, ya sanyi.

Ya cire tabarau. "Lafiya lau. Me zan yi maka?"

"Babu komai, ranka ya daɗe. Gaisuwa na zo."

Ya jira. Ni ma na jira. Can ya ce, "To, na gode." Na ja masa ƙofa a hankali na fita, raina fes, ina ganin na aza tubali na farko.

Alhamis na koma. Talata na koma. Kullum tambayarsa ɗaya, kullum amsata ɗaya. A zuwa na huɗu ya ce ko ɗakina yana da ɗumi. Na ce yana da shi. Na fito ina murna, na ce a raina ga shi ya fara tambayar halin da nake ciki, yadda Dagaci ya yi wa Baba. A na shida ya ce ko akwai wanda ke takura mini a aji. Na ce babu. A na bakwai ban same shi shi kaɗai ba, Sagiru na zaune a kujerar baƙi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da kofin shayi a hannu, suna duba wata taswira. Na yi gaisuwata daga bakin ƙofa.

Sagiru ya ce da Hausa, "Shehi, shigo mana, ba a cizo."

Na ce ina sauri. Na sauka matakala ina jin dariyarsu, wadda wataƙila ba ta shafe ni ba, amma na ɗauke ta na kai ta har gida. Ranar ban iya karatu ba. Na zauna bakin gado ina tsara abin da zai faru in Sagiru ya faɗi jarrabawa, ko kekensa ya jefa shi a magudana a gaban 'yan aji. Na yi istigfari, na sake komawa kan tunanin.

Da la'asar na ji motsi a ƙofata. Na buɗe na tarar da tire a ƙasa, da kwanon miya da burodi. Iya Anika tana sauka matakala, ba ta ko juyo ba ta ce, "Na daina tambayarka. In na tambaye ka sai ka ce ka ƙoshi, ga wandonka yana neman faɗuwa." Tun daga ranar kullum sai na tarar da tiren. Ita kaɗai ce a ƙasar nan ta gane ni ba tare da na yi bayani ba, ita ma sai da ta ɗauki wata biyu.

Bayan zuwana na goma sha ɗaya saƙo ya shigo wayata daga sakatariyar sashen. Cikin ladabi ta rubuta cewa lokacin Farfesa a ƙayyade yake, ɗalibi ya nemi ganinsa in yana da takamaiman tambaya. Ta ƙara da cewa idan kaɗaici ne ke damuna, akwai ofishin da ke kula da walwalar baƙin ɗalibai, ta sa mini lambar ɗakin. Na karanta sau uku. Kunya ta rufe ni har na ji kamar kowa a ɗakin karatun ya ga saƙon. Ban sake bi ta gaban ofishin ba, ko da hanyar ta fi kusa.

Na koma ga abin da na iya. Aka kai mu gonar gwaji, wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda aka ce da can teku ce, iska tana yanka fuska. Kowa zai auna yadda ruwa ke nutsewa a ƙasa ya rubuta rahoto. Na durƙusa a taɓo awa huɗu da agogo a hannu, yatsuna sun ƙage, ban tsallake awo ko ɗaya ba. Sagiru ya yi rabin nasa, ya tafi taya mai kula da gonar tayar da tarakta, suka dawo suna hira kamar tare suka tashi. Da yamma ya zo ya ce in ba shi lambobina ya cike gurbin nasa.

Na ce, "Ban gama ba."

Na gama. Suna cikin jakata, a jere, da layin rula. Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya hau kekensa. Washegari ya koma gonar shi kaɗai cikin ruwan sama ya sake awon. Na so a ce ya kwafa a wurin wani, in samu abin riƙewa. Bai ba ni ko wannan ba.

Rahotona ya fi na kowa maki a ajin. Farfesa ya rubuta a ƙasa cewa aiki ne mai tsabta. Na ɗauki takardar na sa a cikin littafi, na ce yanzu kam magana ta ƙare.

Saura sati biyu mu koma, a ƙarshen darasi, Farfesa ya ce yana da sanarwa: Sagiru zai zauna tare da su har bazara. Aka tafa, wata ta rungume shi. Ni ma na tafa. Na lura hannuwana suna yi, amma ban ji ƙararsu ba.

A wurin ajiye kekuna ya same ni. "Shehi, ba ka ce mini komai ba."

"Allah ya sanya alheri."

"Amin. Amma fuskar nan taka ba ta alheri ba ce."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. "Yaushe ya ce zai ɗauke ka?"

"Ni na ce masa ina so. Tun satin farko. Ya ce in rubuto shafi ɗaya in faɗi abin da zan yi, na rubuta." Ya tsaya. "Kai ba ka rubuta ba?"

"Ba wanda ya ce in rubuta."

"To me kake zuwa yi ofishinsa kullum? Na ɗauka zancen kuke yi. Wallahi har na cire rai, na ce Shehi ya riga ni."

"Gaisuwa nake zuwa."

Ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga idona, ya haɗiye ta. "Gaisuwa. Inna lillahi. Shehi, nan ba Burumburum ba ce."

Washegari Farfesa ya aiko a kira ni. Sagiru ne ya je ya same shi, ya gaya masa komai: fangalin, dunduniyar, da ma'anar zuwan da nake yi. Ko wannan sai da ya ba ni haushi, domin ya fi ni ko a wurin faɗin gaskiya. Wannan karon Farfesa ya nuna mini kujera ya ce sai na zauna.

"Sau nawa ka zo nan?"

"Goma sha ɗaya."

"Kullum ina tambayarka me zan yi maka, kana cewa babu komai. Na yarda da kai. Na ɗauka kewar gida ce, har na sa a bincika ko gidan da kake lafiya." Ya murza goshinsa. "A nan, wanda bai nema ba, muna ɗauka ba ya so. Ban san wata hanyar ba. Na yi nadama ban tambayi wani ba tun da wuri."

Ya ce takardun ƙarin izinin zama sun riga sun tafi da sunan Sagiru, kuma ya ba shi kalmarsa, ba zai janye ba. Ya ce zai rubuta mini takardar shaida mai kyau duk inda zan nema. Na yi godiya. Na miƙe har na kama ƙofa, sai na ji ba zan iya tafiya da abin a cikina ba. Na juyo na yi masa tambayar farko da na taɓa yi masa tun zuwana.

"Da na nema, wa za ka ɗauka?"

Na so ya yi irin ta manyanmu, ya ce ai duka ɗaya ne, Allah ne mai zaɓi. Mutanen can ba su iya wannan ba.

"Kai," ya ce.

Kwanakin da suka rage Sagiru ya yi ta hidima da ni. Ya raka ni kasuwa, ya ɗaure mini jaka, ya kawo wata leda ya ce in kai wa mahaifiyarsa a Tiga, da rigar sanyi da man zafi da cakulan na ƙannensa. Ni kuwa jira nake ya ce, Shehi, gurbin nan naka ne, bari in koma in ce na fasa. Na riga na shirya amsata, zan ce a'a, rabonka ne, riƙe abinka. Na so in samu ko da wannan girman. Har jirgin ƙasa ya tashi yana ɗaga mini hannu daga dandamali, bai faɗa ba.

Na isa Burumburum ana tsakiyar aikin rani. Da aka watse daga yi mini sannu da zuwa, Baba ya kira ni zaure.

"Yaron Tiga aka ba, ko?"

"Shi aka ba, Baba."

"Ka dai yi ta gaishe shi yadda na ce?"

"Na yi."

Ya gyaɗa kai. "To ka fita haƙƙinsa. Ba rabonka ba ne." Na dubi tabarma na ce haka ne. Ban ga ta inda zan fara gaya masa ba.

Bayan kwana biyu na hau mota, na sauka na hau babur zuwa Tiga da ledar Sagiru a cinyata. Gidansu na kusa da ruwa, ana jin ƙarnin kifin da masunta ke shanyawa. Mahaifiyarsa, wadda suke kira Umma, ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo soyayyen kifi da zoɓo, maƙwabta suka cika tsakar gidan ana ɗaga rigar sanyin ana shafawa.

"Ɗan nan, gaya mini gaskiya, yana cin abinci kuwa?"

"Yana ci, Umma. Har ƙari yake nema."

"Shi ne Sagiru! An ce Baturen da kansa ya ce ba zai sake shi ba, wai duk ajin babu kamarsa. Haka ne?"

Matan suka zuba mini ido suna jirana.

"Suna ji da shi sosai," na ce.

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara, kiran bidiyo, shi ne. Ta rikice, ta ce hannunta rawa yake yi, hoton ba ya tsayawa. Ta miƙo mini. "Riƙe mini, ɗana, kai ka san kan abin."

Na durƙusa a gabanta na riƙe wayar tana fuskantarta. Ba na ganin allon, muryarsa kawai nake ji, yana cewa Umma ga ofishinmu, ga teburina, ga sunana an liƙa a ƙofa, leƙo ta taga ki ga gonar. Na san tagar. Na san teburin ma, na kusa da na'urar ɗumama ɗaki, wanda rana ke sauka a kansa da hantsi. Matan suka matso suna salati, suna cewa a sake nuna musu sunan. Hannuna ya fara gajiya, ya soma sauka.

"Ɗaga sama kaɗan, ɗana," in ji Umma. "Ba na ganinsa sosai."

Na ɗaga.